Layi Biyu Kamar Jaki Biyu Ne

'Yan uwa, ranar kasuwa a Malanville intanet kan yi nauyi, ga mai albasa a Gaya yana jiran hoton rasit kafin ya saki kaya. Shi ya sa ni da ɗana muka ɗora OpenWrt a kan tsohuwar rauta, muka haɗa mata layin MTN da na Moov.

Kar a ruɗe ku, saurin bai ninku ba. Jaki biyu kaya suke rabawa, ba sa rage nisan hanya. Hoto ɗaya layi ɗaya yake bi. Amma yara sun daina rigima da ni kan waya, kuma in wannan layin ya ɗauke, wancan ya karɓa. Kuɗin data fa ya zama biyu, ku yi lissafi tukuna.