Ficewar Nijar daga ECOWAS: Ɗan kasuwa na jiran yarjejeniya a rubuce

Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar ECOWAS ta tabbata, shekara ɗaya bayan sun sanar da aniyarsu, kamar yadda sashe na 91 na yarjejeniyar ƙungiyar ya tanada. Sojojin da ke mulkin ƙasashen uku sun so a ɗauka sun fita nan take, amma dokar da magabatansu suka sa wa hannu ta ce sai an jira shekara, kuma kafin nan wajibi ne mai fita ya ci gaba da cika alƙawuransa.

Babu mai musun cewa Yamai na da dalilin jin haushi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta rufe iyakoki, ta toshe kuɗaɗen Nijar, Najeriya ta katse wutar lantarkin da ƙasar ke dogaro da ita, aka kuma yi barazanar tura sojoji. Talakan Maraɗi da na Birnin Ƙonni ne suka sha wahalar, tare da 'yan uwansu na Jibiya da Illela, har aka janye takunkumin a watan Fabrairun 2024. Wanda aka yi wa haka, in ya ce yana son ya riƙe akalar kansa, ba za a ga laifinsa ba. Sai dai tambayar da ta shafi mai tirelar albasa da mai garken shanu ita ce: yanzu wace doka ke aiki a bakin iyaka?

Amsar ba ta da daɗi. A ranar da ficewar ta tabbata, ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, kuma kayansu za su ci gaba da cin moriyar tsarin ciniki maras haraji, har zuwa lokacin da za a yanke wani hukuncin. Su ma ƙasashen ƙawancen AES sun ce 'yan ECOWAS za su shiga ba tare da biza ba. Duka biyun alfarma ce da kowane ɓangare zai iya janyewa da sanarwa ɗaya a rediyo. Ɗan kasuwar da zai zuba miliyoyi a sayen wake ko barkono ba zai gina lissafinsa a kan alfarma ba.

An ma fara ganin alamun. A watan Maris na 2025 AES ta sanya harajin kashi 0.5 cikin 100 kan kayan da ake shigowa da su daga waje, domin ɗaukar nauyin ƙawancen. Kafin nan, a watan Oktoban 2024, Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje, ban da Mali da Burkina Faso. Najeriya kuwa ba ta da bakin yi wa kowa wa'azi a nan, domin ita ce ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, alhali tana cikin ƙungiyar, hedikwatar ma na Abuja.

Abin da masu murnar ficewa ba su cika faɗa ba shi ne, igiya ɗaya aka kwance, saura na nan. Ƙasashen uku na cikin ƙungiyar UEMOA, suna kashe sefa wadda aka ɗaure darajarta da yuro, babban bankinsu na Dakar. Harajin kwastam na bai ɗaya da UEMOA ke aiki da shi tun 2015 shi ne na ECOWAS, mai hawa biyar daga sifili zuwa kashi 35. Mambobi ne na Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Sun kuma amince da yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka, wadda a Yamai aka ƙaddamar da aikinta a Yulin 2019, kuma ECOWAS ce ta miƙa jadawalin rage haraji a madadin mambobinta duka. Wa zai tsaya wa ƙasashen uku a wannan teburin yanzu?

Sannan ga maganar teku, wadda ko ɗaya cikinsu ba ta da shi. Bututun man Nijar, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya taso daga Agadem ya ƙare a gaɓar Jamhuriyar Benin. A watan Mayun 2024, da Yamai ta ƙi buɗe iyakarta, Shugaba Patrice Talon ya hana loda man a jirgi. Kayan da a da ke bi ta Kwatano sun koma Lome, suna ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji, kuma mai sayen shinkafa a kasuwa shi ke biyan kuɗin wannan doguwar hanya.

Wasu sun riga su bin wannan hanya. Birtaniya ta bar Tarayyar Turai a Janairun 2020 da sunan ƙwato ikonta, ta ƙare da sa hannu kan yarjejeniya mai shafuka sama da dubu, sannan ta sake zama a 2023 kan kayan da ke shiga Arewacin Ireland. Misalin da ya fi kusa shi ne Muritaniya, wadda ta fice daga ECOWAS a 2000, ta dawo a 2017 ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa kan ciniki ba tare da ta koma mamba ba. Babu wanda ya ce Muritaniya ta sayar da 'yancinta.

Irin wannan takarda ya kamata tattaunawar da aka fara a Bamako a watan Mayun 2025 ta haifar: wane kaya ne ba ya biyan haraji, wace takardar shaidar asalin kaya jami'in kwastam zai karɓa, sanarwar kwana nawa za a bayar kafin a hana fitar da hatsi ko dabbobi, kuma wa zai raba gardama in an saɓa. Haka nan makomar basukan bankin raya ƙasa na ECOWAS da ke Lome.

Najeriya ba sai ta jira an gama wannan ba. Tana da hukumar haɗin gwiwa da Nijar tun 1971, mai ofis a Yamai, da iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da take kashe wa kuɗi. Gwamnonin Sakkwato da Katsina da Jigawa da Kebbi, waɗanda kasuwanninsu ne ke mutuwa duk ranar da aka rufe iyaka, su ya kamata su matsa wa Abuja ta kira zaman wannan hukuma kan ciniki, tare da wakilan 'yan kasuwar Dawanau da na Maigatari a wurin.