Kakin Soja da Takardar Likita

Duk mazaunin Nima ko Mamobi ya san Asibitin Soja na 37. Turawan Ingila suka buɗe shi a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin jinyar sojoji. Yau kuwa farar hula ma can suke zuwa. Da wuta ta tashi a gidan mai na Circle, nan gab da mu Kokomlemle, ran 3 ga Yuni 2015, can da Asibitin 'Yan Sanda aka kai da yawa daga cikin waɗanda suka ƙone.

Wannan ne ya sa mutanenmu suka yarda da hannun soja, kuma suna da gaskiya. To, amma mu duba inda yardar ta samo asali. Likitan soja sai ya gama makarantar likitanci, ya yi rajista da majalisar kula da likitoci wadda aka kafa a 1972, kamar takwaransa na Korle Bu. Nas da ungozoma da suka fito daga makarantar 37, su ma sai sun ci jarrabawar majalisarsu kafin a ba su lasisi. Dokar 2013 mai lamba 857 ce ke tafiyar da waɗannan majalisu. Ita kuwa hukumar HeFRA, wadda dokar 2011 ta kafa, aikinta duba asibitoci da ba su izini.

Akwai kuma sojan da aka koya wa taimakon gaggawa: tsayar da jini, ɗaure karaya, ɗaukar mai rauni. Aiki ne babba mai ceton rai, amma bai ba shi ikon rubuta magani ko buɗe ɗakin allura a cikin unguwa ba. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Da zarar an ce "tsohon soja ne, ya yi aiki a 37", sai mu miƙa masa yaro da zazzaɓi. Allura ɗaya da ta taɓa jijiya tana iya gurgunta ƙafar yaro har abada.

Saboda haka, iyaye, kada kunya ta hana ku tambaya. Ku ce a nuna muku lasisi, ku duba ko na bana ne. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Limamai da sarakunan Zango, don Allah ku tuna wa jama'a.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wata mai zuwa.