Tashar tace ruwan ƙazanta garke ce, sai an ciyar da ita

Duk wanda ya bi ta Guntu Yena a birnin Yamai ya san inda ruwan ƙazantar gari yake ƙarewa: cikin kogin Isa, inda masunta ke kamun kifi, masu lambu ke ban ruwa. Shi ya sa ake murna duk lokacin da aka ji maganar gina tashar tace ruwa, ko ta gari ko ta masana'anta. Sai dai ginin kaɗai ba ya tace ruwa. Masu aikin su ne ƙwayoyin bakteriya, kuma idan ba su samu cikakken abinci ba, miliyoyin sefa da aka kashe sun tafi a banza.

Hanyar da aka fi amfani da ita a manyan tashoshin duniya, wasu masana biyu ne, Ardern da Lockett, suka fito da ita a birnin Manchester na Ingila a 1914. Ana zuba ruwan ƙazanta cikin babban tanki, a yi ta hura masa iska. Bakteriya su cinye dattin, su dunƙule su zama laka. Daga nan ruwan ya wuce tanki na biyu, lakar ta kwanta a ƙasa, ruwa mai tsabta ya malala ta sama. Aikin duka ya rataya a kan wannan kwanciya.

Bakteriya ba datti kaɗai suke ci ba. Suna buƙatar nitrojin, wanda masu karatun faransanci suka sani da azot, da kuma fosfor, don gina jikinsu. Ƙa'idar injiniyoyi ita ce 100:5:1, wato kowane kilo 100 na dattin da za a narkar yana buƙatar kilo 5 na nitrojin da kilo 1 na fosfor. Ruwan gidaje yana da su isassu, domin fitsari da bayan gida cike suke da su. Matsalar tana ga masana'antu. Ruwan kamfanin lemon kwalba sukari ne kusan zalla, na matatar mai kuma yakan rasa fosfor.

Idan yunwa ta shiga tanki, abu biyu ke faruwa. Wasu bakteriya masu siffar zare, irin su Thiothrix, sun fi sauran iya tsintar ɗan abin da ya rage, sai su yi yawa su sarƙe kamar auduga, su hana lakar matsewa. Sauran kuma, da yake sun rasa abin gina jiki, sai su mayar da sukarin wani yauƙi kamar miyar kuɓewa. Lakar ta kumbura, ta ƙi kwanciya, ta bi ruwa ta fita. An ƙona wutar lantarki wajen hura iska, amma ƙazanta ta isa kogi, ma'aikatan tashar wato bakteriya ma sun tafi da ita.

Gano wannan ciwo ba shi da tsada. A cika kwalbar awo mai lita 1 da ruwan tanki, a ajiye minti 30, a duba inda lakar ta tsaya. Idan giram 1 na laka ya ci fiye da mililita 150, ta fara kumbura. Ƙarancin iska ma yana kawo haka, don haka sai an duba ta a madubin likita, an kuma auna abin da ya rage na nitrojin da fosfor. Maganin kuwa manomin Maraɗi ya san shi: takin yuriya da DAP, ko a gauraya ruwan masana'anta da na gidaje. Amma da awo, domin taki idan ya yi yawa kogi zai nufa ya ciyar da kainuwa.

Nijar na fatan yawaita masana'antu. Matatar mai ta SORAZ tana aiki a jihar Damagaram tun 2011, kuma ana ta kiran a sarrafa abin da ƙasa ke nomawa a cikin gida. Kowace sabuwar masana'anta da ruwan ƙazantarta take zuwa. Ya kamata ma'aikatar muhalli da magadan gari su daina tsayawa ga tambayar ko an gina tasha. Su nemi ganin kasafin takinta na shekara, da sunan ma'aikacin da ke awo kullum, da littafin da yake rubuta sakamakon. Jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suna yaye matasan da za su iya wannan aiki, kuma 'yan ƙasa mazauna waje da ke son zuba jari su sa albashinsu cikin lissafi tun farko. Makiyayi ba ya sayen shanu ya manta da kuɗin dusa.