Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Jami'ar Jihar Sakkwato



Daga Lambara nake rubuto muku, a madadin iyayen da ke tura muku 'ya'yansu. Duk ranar da za ku gina sabuwar cibiyar karatu, don Allah ku fara taka filin da damina kafin a zana taswira. Ba mu manta 2010 ba, shekarar da ambaliyar Gulbin Rima ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, karatu ya tsaya cik. Ku zaɓi tudu, ku haƙa magudanai tun kafin a aza tubali.

Sai maganar zafi. A watan Afrilu yakan haura digiri 40, wutar lantarki kuwa ba abin dogaro ba ce. Tagogi su fuskanci arewa da kudu, rufin ya yi tsawo, kuma a bar itatuwan da aka tarar. Darbejiya ɗaya da aka sare, sai an shekara da yawa kafin a sake samun inuwarta.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan mata. In ginin ya yi nisa da ɗakunan kwanansu, bayan magariba ba za su je ba. Ku kusanto musu da shi, ku haskaka hanyar da fitilun sola.

Wassalam,
Wani uba daga Lambara