Waiwaye: Kuntuku Ake Bi, Ba Kalangu Ba

Duk ɗan koyon rawa, kunnensa na kan kalangu. Ba laifinsa ba ne, kalangu shi ne mai baki. Makaɗi ya rataya shi a kafaɗa, ya matse tsirkiyoyi a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, ya kaɗa taken wane, ya yi wa wance habaici. Sai yaro ya ce bari ƙafarsa ta bi duk abin da aka faɗa. Kafin a zagaye fili sau ɗaya ya harɗe.

A 'Yankuzo ta ƙasar Tsafe, tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin a yanke Zamfara a 1996, kaka ce lokacin koyo. Gero ya shiga rumbu, dawa na bisa hanya, bukukuwan aure sun kankama. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ke jan layin samarin unguwarmu, kuma ba ya barin sabon shiga ya tsaya a layi daren farko. Bayan makaɗa yake zaunar da mu, dab da mai kuntuku, wato 'yar ƙaramar gangar nan mai fuska ɗaya da ake bugawa da 'yan sanduna biyu. Galibi yaro ne ke riƙe da ita, ba mai yi masa liƙi, ba mai ko kallonsa. In Kawu ya ga kanka na bin kalangu sai ya dafa ƙeyarka.

"Kai wanga yaro, mi kaka saurare? Wancan hira shika yi. Ga mai riƙon hanya nan gabanka."

Gaskiyarsa. Kalangu na iya yawo, ya yi kwana, ya yi shiru, ya dawo. Kuntuku abu ɗaya yake maimaitawa har a tashi, kuma a kansa ƙafa ke sauka. Shi mai kalangun ma da shi yake gane hanyar dawowa.

Da tafi ake farawa, ana zaune, har hannu ya daina jiran umarni. Sannan a miƙe a yi taku guda: dama, hagu, dama, hagu, tafin ƙafa duka a ƙasa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙugu a sake. Mai sandararriyar gwiwa kullum a makare yake, domin sai ya ɗaga jikinsa duka kafin ya taka. Daga nan sai ninki: dama biyu, hagu biyu, na farko da nauyi, na biyu shafa ƙasa kawai. Inda ake shan wuya shi ne gaba, lokacin da ganga ke buga uku a daidai tazarar da ƙafa ke taka biyu. Mai ƙirgawa da ka ba ya fita a nan. Kawu kan sa mu riƙa faɗin kiɗan da baki muna takawa, baki na uku, ƙafa na biyu, har su saba da juna. Na ƙarshe shi ne yanke: makaɗi ya ba da alama, kowa ya dire a bugu ɗaya, fili ya yi tsit.

Sai an ga kana yanke tare da mutane ake ɗaura maka akayau. Ƙarafan nan na idon sawu ba su rufa wa kowa asiri. Samari goma in sun daidaita, cas ɗaya ake ji; mutum guda ya makara, har tsofaffin da ke kan tabarma sun san ko wane ne.

'Yan'uwanmu mata sun riga mu da nisa, kuma na daɗe da gane dalili. Yarinyar da ta tashi tana lugude, tabarya uku a turmi ɗaya, ta riga ta san yadda ake shiga gurbin da wata ta bari ba tare da an yi karo ba. Abin da muke fama da shi da dare, ita da hantsi ta gama shi.

Ba mu kaɗai ba ne. Dagombawan Yendi da Tamale a arewacin Ghana suna rawar Takai a da'ira, kowa da ɗan ƙarfe a hannu, ya buga da na gabansa ya juya ya buga da na bayansa. Wanda ya saki kiɗa, iska zai doka. Leburorin ramukan zinariya na Johannesburg kuwa da takalman roba da tafin hannu suka gina tasu rawar. Ko'ina ka duba akwai bugun da ba ya gushewa, kuma ƙwalisa a bisansa ake ɗora ta. Ni abin da na ɗauka ke nan na shiga duniya da shi: in na iske taron aiki, nakan fara neman mai kuntukun wurin, mutumin da ba a jin sunansa amma in ya tsaya komai ya watse.

Dandalin ya ja baya ta hanyoyi da dama. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999 an rage cakuɗuwar maza da mata a wasannin dare. Fiyano ya shigo gidajen biki, mutum ɗaya ya maye gurbin makaɗa huɗu. Na baya-bayan nan shi ya fi ciwo: rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu ya sa ba uban da zai bar ɗansa waje bayan lisha. Yaranmu yanzu a waya suke koyo, da ido. Suna da himma, ban raina musu ba, amma mai ɗaukar hoto fuska da kafaɗa yake nunawa, ƙafa kuwa sau da yawa ba ta ma fitowa.

Rawar samari zalla ba sai da dare ba. Makarantun firamare na da ranar al'adu, kuma har yanzu akwai dattawan makaɗa a Tsafe da Gusau, har da waɗanda gudun hijira ya kawo gari. A gayyato ɗaya da la'asar, a biya shi haƙƙinsa, a ce ya zo da mai kuntuku. Makon farko kada a tayar da yaran tsaye. A zaunar da su kusa da ƙaramar gangar, su yi ta tafi.