Gumin Yara A Cikin Batirin Waya

Ya kamata duk mai riƙe da wayar hannu a Abuja ya san cewa da ma'adinin litiyam ake yin batirinta, kuma ana haƙo irin wannan ma'adini a Jihar Nasarawa, dab da Babban Birnin Tarayya. A watan Disamba na 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya bayyana yadda yara ƙanana, har da 'yan shekara shida, suke yini a bakin ramukan ƙauyen Pasali suna tsintar dutse suna cika buhuna. Su shida su raba Naira 4,000, makaranta kuwa sai labari. Daga nan dillalai su kai wa kamfanonin 'yan ƙasar Sin.

Ba doka aka rasa ba. Akwai Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, da ta ilimin tilas kyauta ta 2004, ga kuma dogarawan ma'adinai da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2024. Aiki da su ne ya yi ƙaranci. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara, gani ga wane kuwa ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka wajibi ne Ma'aikatar Ma'adinai ta tilasta wa kowane mai saye ya nuna ramin da kayansa suka fito. Wanda aka samu gumin yaro a buhunsa, a soke lasisinsa, a gurfanar da shi gaban shari'a, yaran kuma a mai da su aji.