Gwajin babur ɗin ratsa daji: rabin sa'a ba ta isa ba

Dillalan babura a Turai kan shawarci wanda ya gaji da sunkuyo a kan babur ɗin tsere da ya gwada na ratsa daji. Suna da hujja: mahayi yana zaune a miƙe, yana hango hanya, ramuka ba sa jijjiga shi sosai.

Amma zagayen rabin sa'a bisa kwalta ba ya bayyana aibu. Yamaha Ténéré 700, mai sunan hamadar Nijar, tsayin sirdinsa ya haura santimita 87, nauyinsa ya zarce kilo 200. A ganina, mai saye ya tsayar da shi a gangare tukuna, ya ga ko ƙafarsa za ta taɓa ƙasa. Ɗaga shi daga cikin rairayi kuwa, da wuya dillali ya bari a gwada.